Mako Shida da Shekara Shida: Yadda John Newton Ya Auna Kiransa

Karatu: Romawa 12:3-8; 1 Timoti 3:1-7

Tun da na shiga hidima, kusan kowace shekara akan sami wani matashi da zai tsaya bayan sujada, ya jira sai jama'a sun watse, sa'an nan ya matso ya ce mini, "Baba, ina ji a raina Ubangiji yana kirana, amma yaya zan tabbata?" Wani yakan zo da mafarki, wani da ayar da ta tsaya masa a zuciya. A 'yan shekarun nan kuma wasu sukan zo da takardar da aka raba musu a taron matasa, mai tambayoyi da yawa, wadda mutum zai cika ya haɗa maki, ta nuna masa ko baiwarsa ta koyarwa ce, ko ta shugabanci, ko ta jinƙai. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Manzo Bulus da kansa ya ja kunnen masu bi na Roma game da girman kai, ya bukaci kowa ya san gwargwadon abin da aka ba shi. Binciken kai wajibi ne ga duk mai marmarin hidima. Abin tambaya shi ne, har ina binciken kai yake iya kai mutum, a ina kuma ƙarfinsa yake ƙarewa?

Domin amsa wannan, bari mu koma ƙasar Ingila ta ƙarni na 18, mu dubi rayuwar John Newton. Mutane da yawa sun san shi ta wurin waƙoƙinsa, amma kaɗan ne suka san cewa ya taɓa keɓe mako shida cur yana auna kansa a rubuce ko an kira shi, ya kuma jira kusan shekara shida bayan haka kafin a buɗe masa ƙofa.

Yaron da uwarsa ta yi wa fata

An haifi Newton a Landan a 1725. Mahaifinsa kyaftin ɗin jirgin ruwa ne, mahaifiyarsa kuwa mace ce mai tsoron Allah, wadda ta koya masa karatu da haddar ayoyi tun yana ƙarami, tana fatan wata rana zai zama mai hidimar bishara. Ta rasu a 1732, kafin ya cika shekara 7. Yana da shekara 11 ya fara bin mahaifinsa teku, daga nan tarbiyyar uwa ta yi ta zubewa, har ya zama mai baƙin saɓo, mai yi wa bangaskiya ba'a. A 1744 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi cikin sojan ruwa. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala a gaban abokan aikinsa, daga baya aka miƙa shi ga wani jirgin fataucin bayi mai zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. A wani ƙaramin tsibiri kusa da Saliyo ya zama bara a gidan wani mai cinikin bayi, ya sha yunwa da zazzaɓi da wulaƙanci, har ta kai bayin da ke cikin sarƙa su ne suke ɓoye abinci su ba shi.

A watan Maris na 1748, yana kan hanyar komawa gida, guguwa ta auka wa jirginsu a tsakiyar teku. Cikin firgita ya roƙi jinƙan Ubangiji, kalmar da ta daɗe ba ta fito daga bakinsa ba. Jirgin ya kai gaɓa da ƙyar, shi kuwa har ƙarshen ransa yana keɓe wannan rana kowace shekara domin godiya. Sai dai mu lura da abu guda, domin za mu komo kansa: bayan wannan juyowa bai bar cinikin bayi ba. Ya yi aure a 1750, ya kuma yi tafiya uku yana kyaftin ɗin jirgin bayi tsakanin 1750 da 1754. Abin da ya raba shi da teku ciwo ne. A watan Nuwamba na 1754, ana saura 'yan kwanaki ya sake tashi, ya faɗi sumamme, likitoci suka hana shi tafiya. A shekara mai zuwa ya sami aikin kwastan a Liverpool, yana duba jiragen da suka shigo tasha, da mutane wajen hamsin a ƙarƙashinsa.

Mako shida

Aikin kwastan ya ba shi abin da teku ba ta ba shi ba, wato zaman gida da lokacin karatu. Ya saurari George Whitefield, babban mai wa'azin farkawa na zamanin, ya kuma saba da John Wesley. Ya koya wa kansa Helenanci da Ibrananci domin ya karanta Littafi Mai Tsarki a harsunansa na asali. Abokai suka fara ce masa ai ya dace da aikin fasto. Shi ma zuciyarsa ta karkata can, amma yana tsoro, domin ya san tarihinsa, ya kuma san yadda zuciyar mutum take iya ruɗinsa.

Saboda haka a ranar 23 ga Yuni 1758 ya ɗauki littafin rubutu ya fara wani aiki na musamman. Ya yanke shawara cewa daga ranar har zuwa 4 ga Agusta, ranar da zai cika shekara 33, zai riƙa addu'a, yana nazarin wuraren da Littafi Mai Tsarki ya yi magana a kan kira da halin mai hidima, yana kuma rubuta abin da ya gani a cikin kansa. Ya auna nauyin aikin, ya auna kasawarsa, ya binciki dalilan da suka sa yake so. Ranar ƙarshe ya keɓe ta ga azumi da addu'a, ya miƙa kansa ga hidima, ya bar wa Ubangiji zaɓen lokaci da wuri.

Akwai abin koyi a yadda ya yi wannan bincike. Ya sa masa iyaka, domin mai binciken kai da ba shi da ranar gamawa yakan tsufa yana juya tambaya ɗaya. Ya yi shi a rubuce, gama abin da aka rubuta ba ya canja fuska gobe kamar yadda ji na zuciya yake yi. Ma'aunin da ya ɗauka kuma Maganar Allah ce, bai auna kansa da Whitefield ko wani mashahurin mai wa'azi ba. Duk wanda zai binciki kansa a yau, da wuya ya fi wannan natsuwa. Da a ce binciken kai kaɗai ya isa, da labarin ya ƙare a ranar 4 ga Agusta 1758.

Ƙofa a rufe

A cikin wannan shekara aka gayyace shi ya yi wa'azi a wata majami'a a birnin Leeds. Ya ɗauki Zabura 16:8, ya hau mumbari ba tare da rubutu a hannu ba, yana ganin maganar za ta zo masa kamar yadda take zuwa a hira. Ya fara lafiya, amma bayan ɗan lokaci tunaninsa ya ɗauke, bakinsa ya mutu, sai faston wurin ne ya hau ya ƙarasa. Ya sauko cike da kunya. Da ya sake gwadawa a wani wuri, sai ya rubuta kome da kome, ya kafa ido a takarda yana karantawa, bai iya ɗaga kai ya dubi jama'a ba. Mutumin da ya gama tabbatar wa kansa cewa an kira shi, ga shi ya kāsa aikin sau biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin farko kuwa bai goyi bayansa ba.

A watan Disamba na 1758 ya nemi a naɗa shi cikin Ikkilisiyar Ingila, wato Angilikan. Wani fasto ya riga ya yarda ya ɗauke shi mataimaki, amma ofishin Akbishop na York ya ƙi, cikin lafazi mai taushi. Bai yi jami'a ba, ana kuma zarginsa da kusanci da 'yan Metodis, waɗanda manyan ikkilisiya na lokacin suke ɗauka masu zafin kai. Wesley ya rubuta a littafinsa na yau da kullum a 1760 yana takaicin yadda ake ƙin mutum mai ilimi da kyakkyawan hali irin wannan don kawai bai shiga jami'a ba, alhali ana naɗa waɗanda ba su kai shi ba.

A nan ne jarraba take. Wanda aka rufe wa ƙofa yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya ce ashe ba a kira ni ba, ya watsar da kome, ko kuwa ya ce waɗannan dattawa ba su da Ruhu, ya je ya kafa tasa. Newton ya leƙa ramukan duka biyu. Ya yi 'yan watanni a 1760 yana hidima a wata ikkilisiya mai zaman kanta a garin Warwick, ya kuma yi tunanin barin Angilikan gaba ɗaya ko ya zama mai wa'azin yawo, matarsa da danginta suka ba shi shawarar haƙuri. Ya koma aikinsa na kwastan. Ya buɗe ƙofar gidansa da yammacin Lahadi, 'yan mutane kaɗan suna taruwa yana bayyana musu Nassi. A wannan ƙaramin ɗaki ne harshensa ya warware sannu a hankali. Ya kuma riƙa rubuta wasiƙu, cikinsu har da jerin waɗanda ya ba da labarin rayuwarsa. Waɗannan suka kai hannun wani basarake mai bi, Lord Dartmouth, wanda yake da ikon zaɓen mai hidima a garin Olney. Ta wurin sa bakinsa Bishop na Lincoln ya naɗa Newton dikon a ranar 29 ga Afrilu 1764, ya naɗa shi firist a watan Yuni. Yana gab da cika shekara 39.

Baiwar da bai lissafa ba

Olney ƙaramin gari ne na talakawa, yawancinsu masu saƙar leshi da hannu. Albashinsa fam 60 ne a shekara, sai wani attajiri mai bi, John Thornton, ya riƙa ƙara masa fam 200 domin karɓar baƙi da taimakon mabukata. Ya yi kusan shekara 16 a can. Jama'a suka ƙaru har aka ƙara wurin zama a majami'ar. Amma ko abokinsa Richard Cecil, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya shaida cewa Newton ba gwanin mumbari ba ne, muryarsa ba ta fita sarai, tsayuwarsa kuma ba ta da fasali. Abin da ya riƙe mutane shi ne sun san yana ƙaunarsu. Yana shiga gidajensu, yana tara yaransu yana koya musu, yana zama da marasa lafiya.

Baye-bayensa mafi girma sun bayyana a inda bai sa ido ba. Ya riƙa rubuta waƙoƙi domin taron addu'a na mako, masu sauƙin kalmomi yadda masu saƙa za su riƙe. Shi da abokinsa William Cowper, mawaƙin da ciwon baƙin ciki ya addaba, wanda Newton ya yi shekaru yana jiyya, suka fitar da littafin waƙoƙin Olney a 1779, mai waƙoƙi 348, wajen 280 nasa ne. Cikinsu akwai Amazing Grace, wadda ya shirya domin wa'azin sabuwar shekara ta 1773 a kan 1 Tarihi 17:16-17, inda Sarki Dauda yake mamakin yadda Allah ya ɗauko shi daga inda yake ya kawo shi inda ya kai. Sa'an nan ga wasiƙu. Mutane daga ko'ina suna rubuto masa damuwarsu, yana amsawa da haƙuri da hikima, har shi da kansa ya gane cewa Ubangiji ya fi amfani da alƙalaminsa. A mako shidan nan na 1758 wa'azi ne ya cika masa ido. Sauran baye-bayen sai da ya shiga cikin mutane suka fito, mutanen ne kuma suka fara ganinsu.

A kusa da Olney akwai wani matashin fasto, Thomas Scott, wanda labarinsa kishiyar na Newton ne. An naɗa shi a 1772 ba tare da doguwar jira ba. Daga baya ya furta da kansa cewa abin da ya kai shi hidima shi ne neman rayuwa mai sauƙi, da lokacin karatu, da son suna, ba ya kuma gaskata wasu manyan koyarwar da ya sa hannu a kansu. A farkon 1774 wani mutum da matarsa a cikin jama'arsa suka kwanta ciwon ajali. Scott bai je ba, domin ba a aiko masa ba. Sai ya ji cewa Newton, wanda yake rainawa, ya je gaishe su sau da yawa. Lamirinsa ya kāshe shi. Daga nan aka fara abota da musayar wasiƙu, har Scott ya zo ga bangaskiya ta gaskiya, ya zama mai sharhin Littafi Mai Tsarki da aka daɗe ana amfani da aikinsa. Ɗaya yana da kira an hana shi naɗi, ɗaya yana da naɗi bai taɓa binciken zuciyarsa ba. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ɗibiya hannun shugabanni ba ta ɗauke wa mutum nauyin binciken kansa.

Alamu uku

A 1765, shekara guda bayan naɗinsa, wani ya rubuto masa yana tambaya yadda mutum zai san an kira shi. Amsar da ya ba shi ta shiga cikin tarin wasiƙunsa da aka buga, ana kuma karanta ta a makarantun tauhidi har yau. Ya ambaci abu uku.

Na fari shi ne marmari mai zafi na yin aikin. Amma ya ba da ma'aunin gwada marmarin: yaushe yake fi ƙarfi? In yana ƙaruwa sa'ad da mutum ya fi kusa da Ubangiji, ya fi ƙasƙantar da kansa, alama ce mai kyau. In kuwa yana tasowa ne sa'ad da aka yabe shi, ko sa'ad da ya ga girman da ake ba masu hidima, to, a yi hattara. Wannan sashe na mutum ne shi da Allahnsa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Na biyu shi ne baiwar da ta isa aikin, wato sani da iya bayyana shi. Ya ce ba a sa ran wannan ta bayyana dare ɗaya, takan fito a hankali ta wurin amfani da hanyoyin da suka dace. Wanda ya tuna da mumbarin Leeds zai gane daga ina wannan magana ta fito. Ya kuma nuna cewa an ba da baiwa domin gina waɗansu. In haka ne, waɗanda ake ginawa su ne shaidu. Mutum yana iya cewa yana da baiwar koyarwa, amma 'yan ajinsa ne za su faɗa ko sun koyi wani abu.

Na uku shi ne buɗewar ƙofa ta wurin tanadin Allah, yadda al'amura za su haɗu su nuna hanya da lokaci da wuri. Ya gargaɗi mai tambayar kada ya yi gaggawar kama abin da ya fara bayyana, ya kuma ba da kansa misali, cewa ya yi shekaru yana jira cikin ƙunci, daga baya ya gane jinkirin alheri ne.

In mun lura, cikin ukun nan guda ɗaya ne kaɗai mutum zai iya aunawa shi kaɗai a ɗakinsa. Na biyu yana bukatar ikkilisiya, na uku yana hannun Allah. Haka yake tun zamanin manzanni. 'Yan'uwa na Listira da Ikoniya ne suka yi wa Timoti kyakkyawar shaida kafin Bulus ya ɗauke shi, ikkilisiyar Antakiya ce kuma ta keɓe Barnaba da Shawulu cikin azumi da addu'a. Jerin halayen da ke cikin 1 Timoti 3 ya fara da marmarin mutum, amma sauran kusan duka abubuwa ne da matarsa da 'ya'yansa da maƙwabtansa za su fi shi sani.

Abin da madubi bai nuna masa ba

Yanzu sai mu koma ga abin da muka ajiye. Mutumin nan da ya iya tone zuciyarsa haka, ya yi shekara shida bayan guguwar 1748 yana cikin cinikin 'yan Adam. Yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa na kyaftin, yana jagorantar sujada ga ma'aikatan jirgi ran Lahadi, a ƙarƙashin ƙafafunsa kuwa ga maza da mata da yara na Afirka a ɗaure. A labarin rayuwarsa da aka buga a 1764 ya faɗa a fili cewa a lokacin bai taɓa shakkar halaccin sana'ar ba, yana ɗaukarta rabon da Allah ya tsaga masa, ko da yake yakan ji ƙyamar zama mai tsaron sarƙoƙi. Ya ga saɓonsa da fasikancinsa sarai, ya yi kuka a kansu. Zunubin da dukan al'ummarsa ta amince da shi kuwa ya daɗe bai gan shi da girmansa ba.

Mu da muke 'ya'yan nahiyar da aka kwashi mutanenta, bai kamata mu wuce wannan wuri da sauri ba, bai kuma kamata mu tsaya ga la'antarsa kawai ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Annabi Irmiya ya faɗa mana cewa zuciya mayaudariya ce, mai wuyar ganewa. Ba wanda yake ganin ƙeyarsa. Takardar tambayoyi, kome kyanta, amsar da ka ba ta ita za ta mayar maka. In ƙabilanci ne ya zauna a zuciyarka, ko son kuɗi, ko taurin hali ga iyalinka, kana kuwa zaune cikin mutanen da suke ganin wannan ba kome ba ne, to, za ka cika takardar ka sami maki mai kyau.

Alherin Allah bai bar Newton a nan ba. A 1780 ya koma Landan, ikkilisiyar St Mary Woolnoth. A watan Disamba na 1785 wani ɗan majalisar dokoki mai shekara 26, William Wilberforce, ya zo wurinsa a ɓoye. Bai daɗe da juyowa ga Almasihu ba, yana tunanin barin siyasa domin ya bauta wa Allah sosai. Tsohon da ya yi shekaru yana ƙishin mumbari bai ja saurayin zuwa mumbari ba. Ya shawarce shi ya zauna inda yake, ya bauta wa Allah a majalisa. A 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, Newton ya buga ɗan littafi a kan cinikin bayi na Afirka, ya bayyana muguntar da ya gani da idonsa, ya furta kunyarsa cewa da hannunsa a ciki, ya kuma yarda cewa furcin ya zo a makare. Ya ba da shaida a gaban hukuma. A watan Maris na 1807 dokar hana cinikin bayi a jiragen Birtaniya ta tabbata, bayan gwagwarmayar shekara 20 da Wilberforce ya jagoranta. Newton ya rasu a ranar 21 ga Disamba na wannan shekara, yana da shekara 82.

Ko a tsufansa ma sai da ya bukaci idon waɗansu. Sa'ad da ganinsa ya dushe, tunaninsa ya fara ɓacewa a tsakiyar wa'azi, abokansa sun ba shi shawara ya huta, ya ƙi, sai da ƙarfi ya ƙare masa sarai. Mu da muka fara furfura a cikin hidima, wannan gargaɗi namu ne.

Akwai kuma zaren da ya haɗa labarin nan da mu. Newton yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799, Thomas Scott kuwa shi ne sakatarenta na fari. Ita ce ta aiko James Schön da Samuel Ajayi Crowther cikin tafiyar Kogin Kwara ta 1841, Schön ya duƙufa a kan harshen Hausa, daga baya kuma ta aiko Dokta Walter Miller Zariya, wanda ya yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Mai duba jirage a Liverpool bai hango ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ranar da ya rufe littafin rubutunsa.

Gare ka, mai tambaya

Ɗana, 'yata, in kana jin kira, ka yi abin da Newton ya yi. Ka keɓe lokaci mai iyaka, ka buɗe Maganar Allah, ka rubuta gaskiyar abin da ka gani, har da dalilan da kake jin kunyar faɗa. Ka tambayi kanka ko za ka so aikin nan in an tura ka ƙauyen da ba hanyar mota, inda albashi yakan makara, inda ba wanda zai san sunanka. In ka gama, kada ka ɗauka ka sami hukunci. Ka kai abin da ka rubuta wurin fastonka da dattawa biyu ko uku waɗanda ba sa jin tsoron faɗa maka gaskiya, ka tambayi na cikin gidanka. Ka karɓi ƙaramin aikin da ke gabanka, ko ajin yara ne na makarantar Lahadi, ko gai da marasa lafiya, ko addu'ar safiya, ka bar baiwar ta nuna kanta a can. In ka kāsa a karo na fari, ka tuna da Leeds. In an ce ka jira, ka jira kana aiki, gama sannu ba ta hana zuwa. In kuwa ya bayyana cewa wurinka asibiti ne, ko aji, ko gona, ko majalisa, kada ka ɗauka an rage maka daraja.

Mu kuma shugabanni, kada mu manta cewa ofishin da ya ƙi Newton ya naɗa waɗanda ba su kai shi ba. Nauyi ne a kanmu mu san matasanmu da kyau, mu ba su wurin gwaji, mu faɗa musu gaskiya cikin ƙauna, kada takardar makaranta ko sunan gida su rufe mana ido ga wanda Ubangiji ya zaɓa.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai da ka san abin da ke cikin mutum, ka haskaka mana wuraren da ba mu iya gani a cikin kanmu. Ka ba masu jin kira gaskiya wajen bincike, da tawali'u wajen karɓar shawara, da haƙuri har ka buɗe ƙofa. Ka ba ikkilisiyarka idon gane bayinka. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.